Natsuwa, Farillar Da Gaggawa Ta Cinye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dare domin bayinSa su huta a cikinsa, Ya halicci rana domin su nemi falalarSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan natsuwa yake, watau mutum ya dakata na ɗan lokaci, gaɓoɓinsa su tsaya, harshensa ya yi shiru, zuciyarsa ta kwanta. A zamanin nan mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan dakatawa ɓata lokaci ne. Wanda ake yabo shi ne wanda ba ya zama, wanda in an gaishe shi sai ya ce ayyuka sun sha masa kai, kamar dai yawan zirga-zirga shi ne shaidar mutunci. Amma wanda ya dubi Shari'a da idon basira zai ga ta sanya dakatawa a cikin aikin kansa, har ta hukunta cewa akwai aikin da ba ya inganta sai da ita.

MUTUMIN DA AKA MAYAR SAU UKU

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa wata rana Manzon Allah (S.A.W.) yana cikin masallaci sai wani mutum ya shigo ya yi salla, sa'an nan ya zo ya yi masa sallama. Annabi ya amsa, ya kuma umurce shi ya koma ya sake, domin bai yi salla ba. Mutumin ya koma ya yi kamar ta farko, aka sake mayar da shi, har sau uku. Daga nan ya rantse cewa iyakar abin da ya iya ke nan, ya roƙi a koya masa. Sai Annabi ya koya masa sallar daki-daki, kuma a wurin ruku'u, da sujada, da zama tsakanin sujada biyu, ya riƙa nanata masa cewa ya tsaya har sai ya natsu. Malaman hadisi da yawa sun ce sunan wannan sahabi Hallad ɗan Rafi'u.

Abin lura a nan shi ne, mutumin ya sunkuya, ya kai goshinsa ƙasa, ya motsa duk gaɓar da ake motsawa. Abin da malamai suka fahimta daga koyarwar da aka yi masa shi ne ya rasa tsayawar da ke tsakanin motsi da motsi, kuma rashin wannan tsayawa ya isa a ce masa bai yi salla ba.

Saboda haka ne duk ɗalibin da ya karanta littafin Ahalari, wanda ake fara karatun fiƙihu da shi a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, ya san an lissafta daidaituwa da natsuwa a cikin farillan salla, tare da Fatiha da ruku'u da sujada. Haka yake kuma wurin Shafi'iyya da Hambaliyya. Ma'anarta wurin malaman fiƙihu ita ce gaɓoɓi su zauna a wurarensu na ɗan lokaci kafin a wuce zuwa rukuni na gaba. Sallolin farilla na kwana ɗaya raka'a 17 ne, kowace raka'a kuwa tana da ruku'u, da ɗagowa daga gare shi, da sujada biyu, da zama tsakaninsu, watau wurare biyar. In an haɗa, wurare 85 ke nan da ake neman Musulmi ya tsaya cik a cikinsu kowace rana ta Allah, ba ya gaba, ba ya baya.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Annabi (S.A.W.) ya siffanta wanda ba ya cika ruku'unsa da sujadarsa da mafi munin ɓarayi, domin sallarsa yake sata. Huzaifa ɗan Yamani ma ya ga wani yana irin wannan salla, ya gaya masa cewa bai yi salla ba, kuma da zai mutu a kan haka da ya mutu ba a kan tafarkin da aka halicci Annabi a kansa ba. Anas ɗan Malik kuwa, sa'ad da yake nuna wa mutane sallar Manzon Allah, in ya ɗago daga ruku'u yakan tsaya har wanda ke bayansa ya zaci ya manta ne. To, mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ake gani a waɗansu masallatan bakin kasuwa da tashoshin mota, inda mutum zai sallame raka'a huɗu kamar kaza tana tsintar tsaba, don ya koma ya tari mai ciniki. Abin tsoro ne mutum ya yi shekara talatin yana wannan, yana zaton ya sauke farali.

RABON YINI DA DARE

Wannan tsari na sanya tsayawa a tsakiyar motsi bai taƙaita ga salla ba. Haka aka shirya wa Musulmi yininsa, da makonsa, da shekararsa, har da ibadar da ake yi sau ɗaya a rayuwa.

A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 71 zuwa ta 73, Allah Ya tambayi mutane cewa da zai dawwamar musu da rana har tashin Ƙiyama, wane ne zai zo musu da daren da za su natsu a cikinsa, sa'an nan Ya bayyana cewa sanya dare da rana yana daga rahamarSa. Ashe ke nan rana mai ɗorewa azaba ce da aka tsoratar da mutane da ita. Abin mamaki, yau mutane da hannunsu suke jawo wa kansu ita, da hasken lantarki da wayar hannu, har asuba ta riski mutum idonsa biyu, ba a kan nafila ba, ba a kan jinya ba.

Da rana ma akwai ƙailula, watau ɗan kishingiɗar tsakar rana. Suratun Nur, aya ta 58, ta ambaci lokuta uku da ake son yara da masu hidima su nemi izni kafin su shiga wurin manya, ɗaya daga ciki shi ne lokacin da ake tuɓe tufafi saboda zafin rana. Shari'a ta san da wannan hutu, har ta kafa masa ladabin da zai tsare shi. Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labarin cewa ranar Juma'a sahabbai ba su yin ƙailula ko cin abincin rana sai bayan an sauko, abin da ke nuna ƙailula al'adarsu ce da aka sani.

Ko ibada ba a yarda ta cinye hakkin jiki ba. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, matarsa kuwa ta bar ado domin ba ya kula da ita. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya ci, da dare kuma ya hana shi tashi har sai da ƙarshen dare ya yi, sa'an nan ya sanar da shi cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, haka ransa, haka iyalinsa, sai ya ba kowa nasa. Da maganar ta kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. In an hana mutum ya kashe kansa da nafila, yaya wanda ke kashe kansa da neman kuɗi? Direban da ya kwana yana tuƙi, ya wuni yana tuƙi, don ya ƙara sawu ɗaya, rayukan fasinjojinsa yake wasa da su. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu.

RABON MAKO

A cikin mako akwai Juma'a. Musulunci bai hana aiki dukan yinin ba, amma Suratul Jumu'a, aya ta 9, ta umurci muminai su bar ciniki in an yi kiran salla. Daga kiran da ake yi sa'ad da liman ya hau mumbari, saye da sayarwa ya haramta ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, har a mazhabar Malik ana warware cinikin da aka ƙulla a lokacin. Wanda ya shiga masallaci kuma aikinsa shi ne ya zauna ya yi shiru. An ruwaito cewa ko ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru alhali liman yana huɗuba, to, ya yi yasasshen zance. Hani ga mummuna aikin lada ne, amma a wannan wuri shiru ya fi shi.

Ƙarshen surar ya ambaci abin da ya faru a Madina, ranar da wani ayari ya iso da kayan abinci Annabi yana huɗuba, jama'a suka watse zuwa gare shi, ba wanda ya rage sai mutum 12, kamar yadda Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito. Aka zarge su a kan haka, aka tuna musu cewa abin da ke wurin Allah ya fi fatauci. Ayarin wancan zamani sai an daɗe yake zuwa. Na yanzu kuwa yana cikin aljihu, yana motsi ko ana tsakiyar huɗuba.

RABON SHEKARA

A cikin shekara akwai i'itikafi. Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana lazimtar masallaci kwana goma na ƙarshen Ramadan har Allah Ya karɓi ransa, a shekarar da ya yi wafati kuwa kwana 20 ya yi. Shi ne shugaban al'umma, shi ne alƙali, shi ne jagoran yaƙi, shi ne mai karɓar baƙin ƙabilu, kuma maigida ne mai iyali. Babu wani mai mulki ko attajiri a yau da zai ce ayyukansa sun kai nasa nauyi, amma duk da haka yakan ajiye su ya shiga 'yar hemarsa a cikin masallaci.

A mazhabar Malik, i'itikafi ba ya inganta sai da azumi, kuma sai a masallaci. Mafi ƙarancinsa yini da dare, abin da aka fi so kuwa kada ya gaza kwana goma. Mai yin sa yana shiga kafin faɗuwar rana, ba ya fita sai don larurar da ba makawa, ba ya zuwa gaida maras lafiya, ba ya raka gawa, ba ya fita fatauci. Wani hukunci da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, malaman wannan mazhaba sun karhanta masa shagaltuwa da karantarwa ko yawan rubutu, ko da kuwa na ilimin addini ne. Abin da ake so ya taƙaita a kai shi ne salla da zikiri da karatun Alƙur'ani. Hikimar ita ce, zuciya tana iya ɓuya a cikin aikin alheri kamar yadda take ɓuya a cikin kasuwa, don kada ta fuskanci kanta. Mai i'itikafin da ya shiga masallaci da wayarsa yana lura da shagonsa daga kan tabarma, wannan hutun jaki ne da kaya a ka.

RABON RAYUWA

Aikin hajji cike yake da motsi, da ɗawafi, da safa da marwa, da jifa, da tafiya daga wannan wuri zuwa wancan. Amma rukuninsa mafi girma, wanda duk ya rasa shi ya rasa hajjin shekarar, shi ne tsayuwar Arfa ranar 9 ga Zulhajji. A Arfa babu abin da ake kewayawa, babu abin da ake jifa. Alhaji ya kashe dukiyarsa, ya bar iyalinsa, ya ƙetare ƙasashe, don ya kasance a wani fili har rana ta faɗi, yana roƙon Ubangijinsa.

A hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, sa'ad da aka taso daga Arfa, Annabi (S.A.W.) ya ji hayaniya a bayansa da dukan raƙuma, sai ya yi nuni da bulalarsa ya umurci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa ɗa'a ga Allah ba a sauri take ba. Haka kuma ya hana wanda ya ji an ta da salla ya zo da gudu, ya ce ya taho cikin natsuwa, ya sallaci abin da ya riska, ya cika abin da ya kuɓuce masa. In gaggawa zuwa ga alheri ma an yi mata linzami, ina ga gaggawa zuwa ga abin da bai kai shi ba?

DAGA KOGON HIRA ZUWA HASUMIYAR DIMASHƘA

Manomi ya san gonar da aka matsa wa shekara da shekaru takan gaji, sai an bar ta ta huta kafin ta sake bayarwa. Ruwan kududdufi ma in an ɗebo shi ba a ganin gindin tulu sai an ajiye shi lakar ta kwanta. Zuciya haka take, kuma tarihin Musulunci shaida ne.

Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa gab da fara wahayi an sanya wa Annabi (S.A.W.) son kaɗaita. Yakan tafi kogon Hira da ke kan Dutsen Nur a gefen Makka, ya yi darare yana ibada, in guzurinsa ya ƙare ya komo wurin Nana Hadiza ya ƙaro. Makka garin fatake ce, shi kansa ya yi fatauci, amma wahayi bai riske shi a kasuwa ba. A cikin kogon Mala'ika Jibrilu ya zo masa, yana ɗan shekara 40, a shekara ta 610 ta Miladiyya. Bayan an aiko shi kuwa masallaci da tsakar dare suka zama wurin keɓewarsa. Ibnu Abbas ya kwana a ɗakin innarsa Maimuna, ya ga Annabi ya farka cikin dare ya zauna ya dubi sama, ya karanta ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, waɗanda ke yabon masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, kafin ya tashi ya yi alwala.

A cikin malaman da suka zo daga baya, labarin Imamu Abu Hamid Algazali ya isa misali. An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Iran ta yau, a shekara ta 450 ta Hijira (1058). A 484 (1091) Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, muƙamin da babu malamin zamanin da bai yi burinsa ba. Ɗalibai wajen 300 suke zama gabansa, sarakuna suna neman shawararsa. Amma kamar yadda ya bayyana da kansa a cikin littafinsa Almunƙizu Minad Dalal, da ya binciki niyyarsa sai ya ga neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi. Tun daga watan Rajab na 488 (1095) ya yi kusan wata shida yana kai da komo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shigarsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya ya taso.

A watan Zulƙida na wannan shekara ya bar Bagadaza bai kai shekara 40 ba. Ya bar ɗan'uwansa Ahmad a kan makarantar, ya rabar da dukiyarsa sai abin da zai ishe shi da 'ya'yansa, ya nufi Sham. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle ƙofa ya wuni shi kaɗai. Daga can ya tafi Baitul Muƙaddas, ya yi hajji, ya koma garinsu. Shekara 11 ya yi nesa da kujerar karantarwa ta hukuma, mutanen Bagadaza kuwa waɗansu suka ɗauka asara ce ta sami Musulunci. A cikin waɗannan shekaru ne ya wallafa Ihya'u Ulumid Dini, littafin da ake karantawa har yau daga gabas zuwa yamma. A 499 (1106) ya koma karantarwa a Naisaburi, ya rasu a Ɗus a 505 (1111). Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ya tafi kuma ya komo. A cikin Ihya'u ma, a babin da ya keɓe wa ladubban kaɗaita, ya lissafta amfanin keɓewa, ya lissafta amfanin cuɗanya da mutane, ya nuna hukuncin yana bin halin kowane mutum.

ME YA SA ZAMA SHIRU YAKE DA WUYA

A shekarar 2014 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Timothy Wilson, na Jami'ar Bajiniya a Amurka, ya buga sakamakon wani bincike tare da abokan aikinsa a mujallar Science. Sun riƙa zaunar da mutum shi kaɗai a ɗaki na minti 6 zuwa 15, babu waya, babu littafi, aka ce ya yi tunani kawai. Da yawa suka ce zaman bai yi musu daɗi ba. A wani kashi na binciken an ajiye maɓallin da in an danna shi wutar lantarki takan ɗan ja mutum. Daga cikin waɗanda suka riga suka ɗanɗana zafinta, har suka ce sun yarda su biya kuɗi don kada a sake, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu. Sun gwammace zafi a kan zaman rubu'in awa da kawunansu.

Malaman tarbiyya sun daɗe da sanin dalilin wannan. In hayaniya ta ɗauke, abin da mutum yake gudu shi ne yake tasowa, bashin da bai biya ba, zumuncin da ya yanke, hakkin da ya ci, da mutuwar da ke tafe. Shi ya sa da zarar ya sami minti biyu babu abin yi sai hannunsa ya tafi aljihu. Alhali kuwa tuba ba ta samuwa sai an yi nadama, nadama kuma ba ta samuwa sai an tsaya an tuna. Wanda bai taɓa zama ya yi wa kansa hisabi ba, ta ina zai san abin da zai tuba daga gare shi?

Ɓarnar rashin dakatawa kuwa a fili take. Aure nawa ya mutu da kalma ɗaya da aka furta a tsaye? Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurci muminai su tsaya su bincika in fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cuci waɗansu cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Yau kuwa labari yakan shigo ta WhatsApp ko Facebook, kafin mutum ya gama karantawa ya aika wa mutum ɗari. Annabi ya yabi Ashajju, shugaban tawagar Abdul Ƙaisi, da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da rashin garaje.

NATSUWA DABAM, ZAMAN KASHE WANDO DABAM

Kada rago ya karanta wannan darasi ya ce ya sami hujja. Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana neman tsarin Allah daga kasawa da kasala, ya kuma nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da roƙon mutane. Ayar da ta bi bayan umurnin barin ciniki ranar Juma'a ita ce ta ce in an gama salla a watsu cikin ƙasa a nemi falalar Allah. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Haka kuma azabtar da kai ba natsuwa ba ce. Annabi yana huɗuba ya ga wani mutum mai suna Abu Isra'ila a tsaye cikin rana, aka ce ya yi bakancen zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya ce a umurce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Zaman majalisa a bakin titi ana cin naman mutane daga hantsi har la'asar shi ma ba ya cikin wannan babi, domin jiki ne kaɗai a zaune, harshe kuwa yana ta gudu.

Ma'aunin da za a gane bambanci da shi mai sauƙi ne. Wanda ya natsu yakan tashi ya koma ga aikinsa da iyalinsa ya fi da kyautatawa, kamar yadda mai ruku'u yake natsuwa sa'an nan ya ɗago. Mai zaman banza kuwa yadda ya zauna haka zai tashi, in ma ya tashi.

ABIN DA ZA A AIKATA

Na farko, Musulmi ya fara da sallarsa, ya tabbata a kowane ruku'u da sujada gaɓoɓinsa sun tsaya gwargwadon yin tasbihi a tsanake, limamai kuma su ji tsoron Allah kada su kori mamu da sauri. Na biyu, in ya sallame kada ya zabura, ya zauna ya cika zikirin bayan salla. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa Annabi yakan zauna a wurin da ya yi sallar Asuba har rana ta fito. Na uku, ya kashe wayarsa tun daga ƙofar masallaci, ya kuma yanke wa kansa lokacin da zai ajiye ta da dare. Na huɗu, ya ware ko da minti goma kafin barci, babu rediyo, babu hira, ya bi yininsa ya ga wa ya zalunta, me ya bari. Na biyar, wanda ya sami iko ya yi niyyar i'itikafi, ko da na yini da dare ne.

Na ƙarshe, wanda yake da iko a kan wani ya bar shi ya huta. Uwargidan da take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, da yaron shago, da 'yar aiki, da lebura, duk suna da jiki mai hakki, suna da sallar da ake neman su natsu a cikinta. Annabi (S.A.W.) ya hana a ɗora wa masu hidima abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora musu to a taimake su. Maigidan da ke tsaye a kan yaronsa yana jiran ya sallame don ya aike shi, ya sani yana da kaso a cikin satar da yaron zai yi wa sallarsa.

Allah Ya saukar da natsuwa a zukatan Musulmi, Ya sanya albarka a cikin aikinsu da hutunsu, Ya karɓi sallolinsu, Ya gafarta abin da gaggawa ta tauye a cikinsu. Allah Shi ne Mafi sani.